MAGANAR BAKI DA MAGANAR GAƁOƁI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam, ya ba shi harshe da leɓɓa, ya sanar da shi yadda zai bayyana abin da ke cikin ransa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, mafi fasahar halitta, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, wa'azi a kan tsare harshe ya yawaita a masallatai da majalisun tafsiri, har ya zama ko ƙaramin yaro ya san ƙarya da giba da annamimanci haramun ne. Amma akwai wata ƙofa da ba a cika rufewa ba, kuma ta nan ne lada mai yawa ke zurarewa. Sau da yawa akan sami mutum ya gama cin mutuncin ɗan'uwansa da zunɗe, ko ƙifce, ko taɓe baki, ko tsaki, sa'an nan idan an tuhume shi sai ya buɗe hannu ya ce, "To, ni me na ce?" Yana zaton tun da kalma ba ta fita daga bakinsa ba, ai mala'iku ba su sami abin rubutawa ba. Wannan zato kuskure ne, domin Shari'a ta ɗauki ishara a matsayin magana, ta gina hukunci a kanta, ta kuma tanadi lada da zunubi dominta.

HANYOYIN BAYANI

A farkon Suratur Rahman, Allah ya ambaci sanar da ɗan Adam bayani a cikin manyan ni'imominsa, daf da ambaton halittarsa. Malaman harshe kuwa ba su taƙaita bayani ga furuci kaɗai ba. Jahiz, malamin adabin nan na Basra wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya kasa hanyoyin da ma'ana ke isa ga mutum kashi biyar a littafinsa Albayan wat Tabyin. Na farko lafazi, watau maganar baki. Na biyu ishara da hannu ko kai ko ido ko gira. Na uku lissafi da ƙulla yatsu, wanda Larabawa ke yi a da. Na huɗu rubutu. Na biyar kuwa shi ne halin da abu yake ciki, wanda ke ba da labari ba tare da baki ba, kamar yadda sammai da ƙasa ke nuna ikon Mahaliccinsu, ko yadda ramar mutum ke nuna yunwarsa. Mai karatu zai lura cewa huɗu daga cikin biyar ɗin nan ba sa bukatar a buɗe baki. Bahaushe ma ya san haka, shi ya sa ya ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Alƙur'ani ya ba da labarin bayin Allah biyu da suka isar da saƙo mai girma da ishara. Sa'ad da aka yi wa Annabi Zakariyya (A.S.) bushara da samun Yahaya, ya roƙi alama, sai aka sanya alamarsa ta zama ba zai yi wa mutane magana ba har kwana uku sai dai da nuni, kamar yadda ya zo a aya ta 41 ta Suratu Ali Imrana. Da ya fito daga wurin ibadarsa, da nunin ya umarci mutanensa su yi tasbihi safe da yamma, suka kuwa fahimta. Haka Nana Maryam, da ta zo wa danginta ɗauke da jariri suka yi mata caa da tuhuma, ta riga ta yi bakancen yin shiru, sai ta yi nuni zuwa ga jaririn. Su ma sun ɗauki nunin a matsayin amsa, shi ya sa suka yi mamakin yadda za a ce su yi magana da ɗan jinjiri.

ISHARA A KOYARWAR ANNABI

Duk da cewa an ba Manzon Allah (S.A.W.) baiwar dunƙule ma'ana mai yawa cikin kalmomi kaɗan, ya kasance yana haɗa maganarsa da nuni domin ta zauna a zukata. Da zai bayyana kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna, sai ya ɗaga manuniya da yatsan tsakiya. Da zai kwatanta yadda muminai ke ƙarfafa juna kamar gini, sai ya sarƙa yatsun hannuwansa. Da zai nuna mazaunin tsoron Allah, sai ya nuna ƙirjinsa har sau uku. Ya bayyana cewa wata yakan yi kwana ashirin da tara ta hanyar buɗe yatsunsa goma sau uku, ya lanƙwasa babban yatsa a na ukun. Sa'ad da yake yi wa Mu'azu ɗan Jabal wasiyya kuwa, sai ya kama harshensa da hannu, ya umarce shi ya kame wannan. Sahabbai sun kiyaye waɗannan motsi kamar yadda suka kiyaye kalmomin, suka ruwaito su ga na bayansu, domin sun san suna cikin saƙon.

Daga nan malaman fiƙihu suka ɗauki hukunce-hukunce. Imam Buhari, wanda ya rasu a shekara ta 256, ya ƙulla babi guda a kan ishara a cikin saki da sauran al'amura. Daga cikin abin da ya ruwaito akwai labarin Ka'abu ɗan Malik, wanda ya bi Ibn Abi Hadrad bashi, muryoyinsu suka ɗaga a masallaci, sai Annabi ya yi wa Ka'abu nuni da hannu cewa ya yafe rabi, ya kuwa yafe, aka biya shi ragowar. Watau an sarayar da rabin dukiya da motsin hannu ɗaya. Saboda irin wannan ne malamai suka tabbatar cewa ishara ta bebe, matuƙar ana fahimtarta, tana tsayawa matsayin furucinsa a ciniki da aure da saki. Haka kuma rubutu yana ɗaukar hukuncin magana.

A cikin salla ma haka abin yake. Majinyacin da ya kasa ruku'u da sujada yana yin nuni da kansa, sallarsa kuwa ta yi. Wanda aka yi wa sallama yana cikin salla, a mazhabar Imam Malik, yana mayarwa da ishara. A zaman tahiya ana nuni da manuniya. Ranar Juma'a kuwa, in liman yana huɗuba, hadisi ya nuna wanda ya ce wa na kusa da shi ya yi shiru ya yi yasasshen zance, wani hadisin kuma ya sanya wasa da tsakuwa cikin wannan hukunci. Ashe ke nan hannu ma yana yin surutu, kuma mai latsa waya liman na huɗuba sai ya duba inda ya tsaya.

Hatta shiru yana da hukunci. Asali dai ba a jingina wa wanda ya yi shiru wata magana, amma a wurin da ake bukatar bayani shirun yakan zama amsa. Saboda kunyar budurwa, Annabi ya sanya shirunta ya zama izininta a aure. Sai dai malaman Malikiyya sun yi taka-tsantsan a nan. Shaihu Halil ya kawo cewa, a inda ake neman yardarta, an so a sanar da ita tun farko cewa shirunta yarda ce, kuma idan ta ƙi, ko ta nuna ƙyama ta tashi ta bar wurin, to ba a ɗaura auren. Waliyyin da ya ga ƙin a fuskar yarinya da jikinta, ya runtse ido ya ce ai ba ta ce komai ba, ya riƙe harafin hukunci ya saki manufarsa.

ZUNUBIN DA BA SHI DA SAUTI

To, idan ishara tana ƙulla ciniki tana kwance aure, yaya za a yi tsammanin ba za ta iya jawo zunubi ba? An saukar da sura guda, Suratul Humaza, da narkon azaba ga mai aibata mutane. Kalmomi biyu ne suka zo a farkonta, kuma da yawa daga malaman tafsiri sun fassara ɗaya da suka ta hanyar harshe, ɗayar kuma da suka ta hanyar ido da hannu. A Suratul Muɗaffifina an siffanta masu laifi da cewa idan muminai suka wuce sai su riƙa ƙyafta wa juna ido. A Suratul Munafiƙun an ambaci yadda munafukai ke karkaɗa kawunansu idan an kira su Manzo ya nema musu gafara. A wasiyyar Luƙman ga ɗansa, aya ta 18 da ta 19, an hana karkatar da kunci ga mutane don girman kai, an hana tafiyar taƙama, an yi umarni da sassauta murya. A cikin dukkan waɗannan, abin da aka zarga motsi ne na ido ko wuya ko ƙafa, ko kuwa ƙarar murya, tun kafin a zo ga ma'anar kalma.

A aya ta 23 ta Suratul Isra'i an hana ɗa ya yi wa iyayensa ko da ɗan sautin nan na ƙosawa da Larabawa ke yi, wanda ya yi daidai da tsaki a wurin Bahaushe. Malaman usulu sukan kawo wannan aya su nuna cewa idan an hana mafi ƙaranci, to abin da ya fi shi ya fi cancantar hani. Saboda haka ɗan da mahaifiyarsa ta aike shi, ya tafi yana buga ƙafa yana zumɓura baki, ko ya banko ƙofa, ya je aiken amma ya bar ladan a baya.

Labarin da ya fi fito da wannan al'amari fili shi ne na Nana A'isha, Allah ya yarda da ita. Wata rana ta yi zancen kishiyarta Nana Safiyya a gaban Annabi, kuma a ruwayar Tirmizi da hannu ta yi nuni, tana nufin gajera ce. Annabi ya sanar da ita cewa ta faɗi kalmar da, in da za a gauraya ta da ruwan teku, da ta gurɓata shi. A duba yadda aka kira motsin hannu da sunan kalma. A cikin hadisin kuma ta ambaci cewa ta taɓa kwaikwayon wani mutum a gabansa, ya nuna mata ba ya son ya kwaikwayi kowa ko da za a ba shi abin duniya mai yawa. Ita da kanta ta ruwaito wannan domin al'umma ta amfana. Daga irin wannan ne Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505, da Imam Nawawi, wanda ya rasu a 676, suka bayyana cewa giba ba ta tsaya ga harshe ba, ta haɗa da nuni da ƙifce da rubutu da kwaikwayon tafiyar gurgu, da duk abin da zai sa a fahimci naƙasar wani.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Littafin Ahalari, wanda ɗalibai ke fara karatun fiƙihu da shi a zaure, ya lissafa zunɗe da suka da izgili a jerin abubuwan da aka haramta, ya kuma faɗi cewa bai halatta a kalli Musulmi da kallon da zai cutar da shi ba. An karanta, an haddace, amma aikin ya yi ƙaranci. Harara, da kallon hadarin kaji, da gatsine, da murguɗa baki, da daƙuwa, da gyaran murya na gangan idan wani ya shigo, da zungurar na kusa da gwiwar hannu, duk sun zama abin yau da kullum. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, wata takan yi wata guda ba ta zagi kishiyarta ba, amma yadda take dangwarar da kwanon abinci ya fi zagi ciwo. A kasuwa da ofis kuwa, talaka yakan gane matsayinsa tun daga yadda aka amsa sallamarsa ba tare da an ɗago kai ba.

DARASI DAGA SURATU ABASA

Wataƙila wani ya ce, to idan wanda aka yi wa bai gani ba fa? Amsar tana cikin Suratu Abasa. A Makka, Manzon Allah yana zaune da manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu, sai Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya zo yana neman a karantar da shi. Annabi bai faɗa masa wata kalma mai zafi ba, fuskarsa ce kawai ta canja, ya juya ga waɗanda yake magana da su. Abdullahi kuwa makaho ne, bai ga wannan canji ba. Duk da haka Allah ya saukar da ayoyi a kan lamarin, ana karanta su har tashin ƙiyama. Daga baya Annabi ya riƙa girmama shi, ya zama ladaninsa tare da Bilal, ya kuma sha barinsa ya ja wa mutanen Madina salla idan ya yi tafiya. Idan an yi wa mafificin halitta tambihi a kan yanayin fuska da makaho bai gani ba, to ina ga wanda ke bin bayan mutum da gwalo?

Akwai kuma abin da ya faru a shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin buɗe Makka. Usman ɗan Affan ya kawo Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarhin, wanda yake cikin waɗanda aka yanke wa hukunci, yana nema masa aminci. Annabi ya jinkirta, sa'an nan ya karɓi mubaya'arsa. Bayan haka sahabbai suka ce da ma ya ƙyafta musu ido su san abin da ke ransa, sai ya sanar da su cewa bai kamaci Annabi ya kasance mai ha'incin ido ba. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito shi. Ma'anarsa ita ce, mai gaskiya ba ya nuna wa mutum fuska ɗaya, sa'an nan ya aika wa wasu da wani saƙo daban ta wutsiyar ido. Aya ta 19 ta Suratu Gafir ta tabbatar cewa Allah ya san irin wannan satar kallo da abin da ƙiraza ke ɓoyewa.

Shirun mai sauraro ma yana shiga wannan lissafi. Wanda ake giba a gabansa, ya gyara zama, ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya riga ya ce wa mai gibar ya ci gaba. A yaƙin Tabuka, shekara ta 9, da wani mutum ya soki Ka'abu ɗan Malik a bayan idonsa, Mu'azu ɗan Jabal bai yi shiru ba, nan take ya mayar masa da cewa ba su san komai game da Ka'abu ba sai alheri. Wanda ba zai iya yin haka ba, to ya nuna ƙi a fuskarsa, ko ya canja zancen, ko ya tashi.

ZAMANIN WAYAR HANNU

A yau ishara ta sami sabon gida. Mutum yana kwance a ɗakinsa, sai ya ga an sa hoton wani ana yi masa ba'a a Facebook ko WhatsApp, ya danna ɗan hoton fuskar nan mai dariya, ko ya tura wa wasu, bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Wannan shi ne ƙifcen da Suratul Muɗaffifina ta ambata, sai dai ƙifcen da ya fi na da muni, domin na da yakan wuce cikin ƙiftawar ido a gaban mutum biyu ko uku, wannan kuwa yana zama a rubuce, dubbai su gani. Haka masu ɗaukar hoton bidiyo suna kwaikwayon in'ina ko ɗingishin wani don a yi dariya, da masu rubuta habaici su ce ai ba su kama suna ba, alhali duk unguwa ta san da wa ake. Ma'aunin malamai a nan guda ne: idan an fahimci wanda ake nufi, to giba ta tabbata, ko da wace hanya aka bi.

ALHERIN DA GAƁOƁI KE IYA YI

Ƙofar da zunubi ke shiga ta ita ce kuma lada ke shiga. Hadisin Abu Zarri ya sanya murmushi a fuskar ɗan'uwa cikin sadaka, sadakar da ko wanda bai mallaki ko kwabo ba zai iya bayarwa. Jarir ɗan Abdullahi ya faɗi cewa tun da ya musulunta Annabi bai taɓa ganinsa ba face ya yi masa murmushi. Anas ɗan Malik ya ba da labarin cewa idan Annabi ya yi musafaha da mutum ba ya janye hannunsa sai mutumin ya fara janyewa. Amru ɗan Asi kuwa, saboda yadda Annabi ke fuskantarsa da fuskarsa da zancensa, har ya zaci shi ne mafi alheri a cikin mutane, sai da ya tambaya ya ji an fifita Abubakar da Umar a kansa. An kuma hana mutum biyu su yi raɗa su bar na uku, don kada ya yi baƙin ciki, an hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Al'adun Hausawa na kirki, kamar miƙa abu da hannun dama, da rage murya a gaban babba, da tashi a tari baƙo, sun dace da wannan tarbiyya. Gaskiyar masu iya magana ce da suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Daga nan kuma haƙƙin kurame da bebaye yake fitowa. Tun da Shari'a ta karɓi ishararsu a aure da ciniki, to maganar hannu harshe ce da za a iya koyar da addini da ita. Akwai Musulmi da yawa da ke zuwa masallacin Juma'a shekara da shekaru, su zauna su tashi ba su san abin da liman ya faɗa ba. Ya kamata kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya su nemi wanda zai riƙa fassara musu huɗuba da karatu, iyaye kuma su hana yara tsokanarsu a kan hanya.

Ranar ƙiyama, kamar yadda aya ta 65 ta Suratu Yasin ta bayyana, bakuna ne za a rufe, hannuwa su yi magana, ƙafafu su ba da shaida. Watau a ranar da hisabi ya fi tsanani, harshen da mutum ya dogara da shi wajen cewa bai faɗi komai ba shi ne zai yi shiru, gaɓoɓin da ya ɗauka bebaye ne su za su buɗe baki. Saboda haka mai hankali, idan zai yi wa kansa hisabi da dare, bayan ya tambayi harshensa abin da ya furta, sai ya tambayi idonsa wa ya harara, ya tambayi yatsansa abin da ya danna, ya tambayi fuskarsa yadda ta tari iyali da maƙwabci da mai bara. Wanda ya sami kansa da laifi ya tuba, ya nemi afuwar wanda ya ɓata wa, ya kuma fara gyara tun daga cikin gidansa.

Allah ya tsare harsunan Musulmi da idanunsu da hannuwansu daga cutar da bayinsa, ya sa zahirinsu ya dace da baɗininsu, ya sa gaɓoɓinsu su yi musu shaidar alheri ranar gamuwa da shi. Amin.